Nisan Sama da Nisan Ƙasa: Abin da Tarihin Bagudo da Iyakar Benin Ke Koyarwa

A zamanin nan, mai son sanin tazarar da ke tsakanin birane biyu ba ya neman direba ko tsohon falke ya tambaye shi. Wayarsa zai latsa ta ba shi lamba nan take: daga Birnin Kebbi zuwa Kwatano kimanin kilomita 700 ne ta sama, zuwa Abuja kimanin 520, zuwa Yamai kimanin 255. Lambobin nan gaskiya ne. Sun fito daga lissafin da masana suka daɗe da tabbatarwa, cewa kewayen duniya ya kai kimanin kilomita 40,000, kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, kuma idan aka san mazaunin gari biyu a doron ƙasa ana iya fitar da layi mafi gajarta da ya haɗa su ba tare da an taka ƙafa ko'ina ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da muke ɗauka lambar na nufi. Mun saba jin ta kamar ita ce ainihin nisa, sauran abin da matafiyi ke gamuwa da shi kuwa, na kogi da gada da shingen kwastan da takardar shige da fice, mu ɗauke shi tsaiko ne kawai a kan hanya. Tarihin ƙasar Bagudo da iyakarta da Jamhuriyar Benin yana nuna akasin haka. Nisan da mutane ke rayuwa da shi abu ne da mutane suke ginawa, masu mulki su tsawaita shi ko su gajarta shi, kuma kusan duk lokacin da aka yi mulki da miƙaƙƙen layin taswira aka manta da hanyar ƙasa, talakan bakin kogi ne ya biya kuɗin.

Ƙaramar hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, inda kogin Kwara ya shigo Najeriya bayan ya raba Benin da Nijar, kusa da inda gulbin Sakkwato ke zuba ruwansa a cikinsa. Kogin ya raba ƙasar gida biyu. Garin Bagudo na gaɓa ɗaya, Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya suna tsallake, su biyun ƙarshe kuma a bakin iyaka suke, Lolo tana fuskantar yankin Malanville, Tsamiya tana fuskantar Segbana. Mutanen wurin Hausawa ne da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan al'ummomi da ta ƙare a inda iyaka ta tsaya. Idan aka auna ta sama, daga Illo zuwa Malanville kimanin kilomita 50 ne, zuwa Kandi bai kai 100 ba, alhali zuwa Birnin Kebbi, babban birnin jiharsu, ya haura 110. Yamai, fadar gwamnatin wata ƙasa, tana kimanin kilomita 280 daga Illo, Abuja kuwa kusan 500. A takarda ke nan, mutumin Illo ya fi kusa da Kandi a kan Birnin Kebbi, ya fi kusa da Yamai a kan Abuja. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wane gari ne kusa, wane ne nesa, tambaya ce da amsarta ta sauya sau da yawa a cikin shekaru ɗari biyu, alhali garuruwan ba su motsa daga inda suke ba.

A ƙarni na 19 wannan yanki ba gefe ba ne, tsakiyar hanya ne. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja shi ne babban ciniki na nesa a wancan lokaci, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsa ta bi ta nan: ayari ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya sauka a kasuwar Jega, ya ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, ya ratsa ƙasar Bargu ta Kandi da Jugu, ya wuce Sansanin Mango da Yandi, ya sauke kaya a Salaga. Ta sama, tsakanin Kano da Salaga kilomita dubu ne da ɗan ɗoriya, tafiyar da jirgin fasinja zai gama kafin awa biyu. Fatake kuwa watanni suke yi a zuwa, watanni a dawowa, wani zubin shekara ta zagayo kafin mutum ya sake ganin iyalinsa. Ba su ƙirga wannan tafiya da mil ba, da zango suke ƙirga ta. Zango kuma ba tsawo ne tsayayye ba. Wurin da ke da ruwa da ciyawar dabbobi da sarkin da za a iya daidaitawa da shi a kan garama shi ne zango, ko yana kusa ko yana nesa da na jiya. Madugu ya san adadin kwanakin da ke tsakanin Jega da Jugu, jagaba ya san inda rijiya ke ƙafewa da rani, kuma iliminsu ya fi na kowace taswira amfani ga mai jakuna ɗari, domin ya ƙunshi abubuwan da ke kashe mutum ko su raya shi. Baturen nan Clapperton, da ya ratsa Bargu a 1826, ya tarar da ayarin Hausawa da ke komowa daga Gwanja, maza da mata da dabbobi masu ɗimbin yawa, har ya bi sahunsu na wani lokaci. Shi mai na'urar auna taurari, su ne suka san hanya.

Wanda ke son ganin yadda nisa ke kumbura, ya dubi abin da ke faruwa idan ayari ya iso bakin Kwara. Faɗin ruwan, in an kwatanta da tsawon tafiyar, ba komai ba ne. Amma a nan sai an sauke kowane kaya daga bayan kowane jaki da takarkari, kanwa da turkuɗi da jan fata da busasshiyar albasa a tafiya, huhunan goro a dawowa. Sai madugu ya zauna da masu gari da masu jirage an yi cinikin kuɗin fito. Sai an loda kwale-kwale sawu bayan sawu, ana jan dabbobi suna iyo a gefe, ana ƙirga kaya a wannan gaɓa a sake ƙirgawa a waccan. Babban ayari yakan ci kwanaki a wannan ɗan taƙi. Goro kuma ba ya jira. Kullum sai an kwance huhu an duba, an tsince wanda tsutsa ta taɓa, an yayyafa ruwa, an sauya ganye in ya bushe, don haka kowace rana da aka ƙara a bakin kogi riba ce ke zubewa. Wannan tsaiko shi ya raya Illo da tashar jiragenta ta Giris, domin inda matafiyi ya tsaya dole, nan mai abinci da mai masauki da dillali da sarki suke samun rabonsu. Malamanmu ma sun san nisa da wahala ba sa rabuwa. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ke halatta ƙasaru mil 48 ce, malamai kuma suka kwatanta ta da tafiyar yini biyu ta dabbobi masu ɗauke da kaya. Sun ba da lamba, amma sun ɗaure ta da ƙafar raƙumi da gajiyar mutum.

Ma'aunin sama ya shigo ƙasar nan tun babu jirgin sama a duniya, kuma da ƙarfin bindiga ya shigo. Bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, Ingila da Faransa suka shiga tseren mallakar bakin Kwara. Faransawa, da suka kama Dahomey, suna neman tashar da za ta sada su da ɓangaren kogin da jiragen ruwa ke iya bi har teku, wato ƙasa da duwatsun Busa. Kamfanin Royal Niger na Goldie kuma ba ya son kowa ya raɓi kogin. A 1894 Baturen Ingila Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi rige-rigen isa Nikki don samun sa hannun sarki, Lugard ya riga da 'yan kwanaki. A 1897 sojojin Faransa suka kafa sansani a Illo da Busa, Ingila ta kafa rundunar da aka ɗora Lugard a kanta, har aka kusa gwabzawa a cikin dajin Bargu. A ƙarshe aka sasanta a Paris ranar 14 ga Yuni 1898. Yarjejeniyar ta bar wa Faransa Nikki, ta bar wa Ingila Busa da Illo, garuruwa uku da tarihin Bargu ke ɗauka 'yan'uwan juna ne daga zuriyar Kisra. Game da inda iyakar za ta taɓa kogi kuwa, aka rubuta cewa wuri ne mai nisan mil 10, wato mita 16,093, sama da tsakiyar garin Giris, tashar Illo, kuma a auna shi a miƙe kamar tashin tsuntsu. A lura da wannan lamba mai ƙarewa da mita 93. Mutanen da suka rubuta ta sun san tazarar har zuwa mita ɗaya, amma takardar ba ta tambayi gonar wa ke wurin ba, ko wane ƙauye ke kai gaisuwa Illo, ko ina makiyaya ke shayar da shanu da bazara. Iyakar da ke kusa da Lolo a yau daga wannan lissafi ta samo asali.

Hujja mafi ƙarfi a kan gazawar wannan ma'auni daga Turawan kansu ta fito. Wannan yarjejeniya ta 1898, da ta tsallaka kogi ta nufi arewa, ta bi kwarin Dallol Mauri har ta haɗu da wata da'ira da aka zana da tsakiyarta a birnin Sakkwato, mai nisan mil 100 ta kowace fuska. A lokacin Ingila ba ta ci Sakkwato ba, sai a Maris 1903 ta shige ta, amma an riga an kafa tsinin alƙalami a kan birnin Shehu an kewaya. A taswira abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa Faransawa suka tarar cewa da'irar ta haɗiye duk hanyoyin da ke da rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram, ta bar musu busasshen daji ta wajen Tawa, inda ayarin sojojinsu ke shan ƙishirwa. Ƙasar da ta ba su a takarda ba ta biyuwa a ƙafa. Dole suka koma teburin shawara, kuma a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, da wadda ta biyo baya a 1906, aka goge da'irar aka ja iyakar kudu, don Faransa ta sami hanya mai ruwa. Ta haka Ƙonni da Maraɗi suka faɗa ɓangaren Faransa, sannan tawagar shata iyaka ta Tilho da O'Shee ta bi layin tana kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa tafkin Chadi. Darasin a fili yake: da ma'aunin tsuntsu ya cuci sojan Faransa, cikin shekara shida aka gyara shi, aka koma ga ilimin madugu, wato ruwa da zango. Da ya cuci manomin Illo da dangin da aka raba tsakanin Busa da Nikki, ba wanda ya koma teburi.

Abin da ya biyo baya shi ne juya fuskar ƙasar gaba ɗaya. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka cire Illo da Ka'oje daga lissafin Bargu suka haɗa su da masarautar Gwandu a lardin Sakkwato, haraji da shari'a suka koma kallon arewa maso gabas. Sannan hanyoyin zamani suka zo, kowace tana gudu daga ciki zuwa teku a cikin mallakar mai ita. Dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Kaura Namoda a 1929, bai taɓa shigowa ƙasar Kabi ba. A ɗaya ɓangaren, dogon Kwatano ya tsaya a Parakou a 1936, manyan motoci suka ɗauka daga nan zuwa bakin kogi, aka gina gadar Malanville da Gaya a 1958 don kayan Nijar su sami hanyar teku ba tare da sun taka ƙasar Ingila ba. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ga shi Salaga ta riga ta durƙushe tun bayan yaƙin basasarta na 1892. Tsohuwar hanyar gabas da yamma ta mutu. Malanville, wadda aka raɗa wa sunan wani gwamnan Faransa, ta zama babbar kasuwa saboda gada da kwalta, Illo mai daɗaɗɗen tarihi ta koma ƙarshen hanya. Tazarar Illo da Kano ta sama ba ta ƙaru da taki ɗaya ba, amma garin da dā fataken Kano ke kwana a cikinsa ya zama wurin da Bakano bai san sunansa ba.

Zuwan jirgin sama bai rushe wannan tsari ba, a kansa ya hau. Jiragen farko da suka sauka a Najeriya guda uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga kusa da Alƙahira suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Khartum, inda ake haɗuwa da hanyar Landan. Tun daga nan jiragen fasinja suka bi sawun daulolin da suka kawo su: na yankin Ingila suna kallon Legas da Kano da Landan, na yankin Faransa suna kallon Dakar da Abijan da Paris. Bayan samun 'yanci Nigeria Airways da Air Afrique suka gaji wannan rabo, dukansu kuma suka rushe a farkon shekarun 2000. Ba za a musa alherin jirgi ba. Hajjin da kakanninmu ke yi ta ƙasa, ta Chadi da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, wanda ke cin watanni ko shekaru, wasu ma ba su dawo ba, yau maniyyacin Bagudo yana hawa jirgi a filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ya ci kimanin kilomita 3,850 zuwa Jidda a cikin awa biyar ko makamancin haka. Amma wannan mutum ɗin, in ya ce ta sama zai je Kwatano, sai ya fara nufar kudu maso gabas zuwa Abuja, ya juyo kudu maso yamma zuwa Legas, sannan ya tsallaka, tafiyar kilomita 700 ta zama kusan 1,150, ban da zaman jira a filayen jirgi. Jidda ta fi Kwatano kusa da shi. Sararin sama ba shi da kogi ko dutse, amma yana da yarjejeniyoyi da izinin sauka da lissafin riba, shi ya sa har yau shawarar Yamoussoukro ta 1999 da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2018 ba su gama buɗe shi ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara tabbatar da cewa da sa hannu ɗaya ana iya tsawaita nisa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa a Agusta 2019 don hana shigo da shinkafa da fitar da man fetur, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020, ta Kamba da ke Kebbi kuwa sai Afrilu 2022. A Nuwamba 2019 aka ƙara da umarnin hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga da'irar 1898 ta dawo da sabuwar riga: lamba mai kyau a ofis, wadda ba ta bambance mai fasa-ƙwauri da manomin rani ba. Mai gonar shinkafa a fadamar Lolo, wanda gwamnati ɗaya ke roƙo ya ƙara noma, injin ban ruwansa da fetur yake aiki, sai ga shi dole ya ɗaura jarka a babur ya yi doguwar tafiya neman mai, ya bi ta shingayen da jarkar kanta abin tuhuma ce. Sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya zo, ECOWAS ta sa takunkumi, aka toshe gadar Malanville da Gaya. Garuruwa biyu da ke hangen juna suka koma fito da kwale-kwale kamar zamanin fatake, mutane na sauka daga mota a wannan gaɓa, 'yan dako na kinkimar buhuna zuwa bakin ruwa, a biya kuɗin jirgi, a sake neman mota a waccan gaɓa. Manyan motocin da ke ɗauke da kayan Nijar kuwa suka koma zagayawa ta Togo da Burkina Faso da rakiyar sojoji. A duk tsawon wannan lokaci, lambar da waya ke bayarwa tsakanin Kwatano da Yamai ba ta sauya ba.

Mai ja da wannan magana zai ce laifin ba na lamba ba ne. Lissafi ba shi da ɓangare, matuƙin jirgi ba zai san man da zai sha ba sai da shi, mai kafa turken sadarwa da mai hasashen yanayi duk da shi suke aiki, kuma ɗora wa ma'auni zunubin mulkin mallaka rashin adalci ne. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a ƙara da cewa auna ƙasa ba ilimin Turawa kaɗai ba ne. Masana Musulmi sun auna tsawon digiri tun zamanin Halifa Ma'amun a ƙarni na 9, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasarsa da kogin Kwara a 1824. Ba a ce a jefar da ma'aunin ba. Abin da ake cewa shi ne kowane ma'auni yana da tambayar da yake amsawa. Nisan sama yana amsa tambayar jirgi da tsuntsu da igiyar rediyo. Ba ya amsa tambayar mai naƙuda da ke tsallaken kogi, ko ta mai albasa da kayansa ke ruɓewa a layin kwastan. Haɗarin yana zuwa ne idan mai mulki, wanda shi kansa ta sama yake tafiya, ya ɗauki amsar tambayarsa ya ɗora wa mutanen da tambayarsu daban ce. Lamba ba ta da ɓangare, amma zaɓen lambar da za a yi hukunci da ita yana da shi.

Wani kuma zai ce ana yi wa zamanin da ado, alhali hanyar fatake ba aljanna ba ce. Wannan ma gaskiya ne. Bargu ta yi suna wajen 'yan kwanton ɓauna da ke afka wa ayari, shi ya sa fatake ke taruwa da yawa da makamai kafin su shige ta. Kowane sarki yana karɓar garama, mai ƙarfi ya ƙara yadda ya ga dama. A cikin hajar da ake kora a wannan hanya har da bayi, 'yan Adam da ake sayarwa kamar kanwa, kuma wannan tabo ne da ba za a shafe shi da daɗin baki ba. Mota da gada da asibiti sun ceci rayukan da ba su ƙirguwa, kuma babu mai hankalin da zai so a koma wata uku a kan jaki. Sai dai wannan hujja ƙarfafa maganar take yi. In 'yan fashi da garama suna tsawaita hanya a 1826, to nisa tun a lokacin aikin mutane ne. Bambancin shi ne madugu ya san haka, yana lissafa sarki da ɓarawo a cikin tsawon tafiyarsa, mu kuwa muna da lambar da ke ɓoye mana su. Shingen da ake karɓar na goro a yau da hanyar da direbobi ke ƙaurace wa saboda 'yan bindiga su ne garama da kwanton ɓaunar zamaninmu, kuma babu ɗayansu da ke fitowa a taswira.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro da tattalin arziki. Ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta. Shinkafar waje da ake saukewa a tashar Kwatano a sulalo da ita Najeriya tana karya manomin Kebbi, man da ake fitarwa asarar kowa ce, ga kuma ƙungiyoyi masu makamai da suka ɓulla a arewacin Benin da kan iyakar Kebbi da Sakkwato. Ba wanda zai ce a bar ƙofa a buɗe ba mai gadi, kuma shugabannin Afirka sun yi hikima da suka amince a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyakokin da aka gada yadda suke, don sake zana su yaƙi zai haifar. Amma tsare iyaka daban, tsawaita ta daban. Idan aka rufe tashar da hukuma ta sani, ciniki ba ya tsayawa, daji da kogi yake komawa, inda ba rajista ba haraji, inda mai ɗauke da buhun masara da mai ɗauke da harsashi ke bin turba ɗaya a biya mai nuna hanya ɗaya. Jami'in da ke son sanin abin da ke shigowa ya fi samun biyan buƙata idan hanyar halal ta fi ta haram sauƙi da araha, domin a nan ne mutanen kirki za su bi ta gabansa, wanda ya kauce kuma ya nuna kansa. Haka nan mai cewa babu fasinjan da zai cika jirgi daga Birnin Kebbi zuwa Kwatano ko Yamai yana iya yin daidai, kuma ba filin jirgi Bagudo ke nema ba. Yawancin mutanenta ba za su hau jirgi ba sai in Allah ya kira su Makka. Abin da ke tsakaninsu da kasuwa da asibiti da dangi ƙasa ce da ruwa.

Saboda haka, idan za a auna ci gaban wannan yanki, a auna shi da ma'aunin da mutanensa ke ji a jikinsu: awa nawa daga Lolo zuwa babban asibiti da damina, shinge nawa tsakanin Tsamiya da Jega, nawa ake kashewa kafin buhun shinkafa ko albasa ya isa kasuwa, kwana nawa mota mai cikakkun takardu ke yi a bakin iyaka. Waɗannan lambobi ne da ake iya tattarawa a buga duk shekara, a kuma tuhumi mai mulki da su, wanda ba za a iya yi da nisan sama ba tunda shi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 za ta ratsa Kebbi, amma amfaninta ga Bagudo zai dogara ne ga ƙananan hanyoyin da za su haɗa ta da tsallaken kogi, da gadoji masu jure ambaliya, da tashoshin iyaka masu aiki bisa ƙa'idar zirga-zirgar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu tun 1979. Fitar Nijar daga ƙungiyar a Janairu 2025 ta ƙara wa wannan aiki wuya, ta kuma ƙara masa muhimmanci, domin a wannan kusurwa ce ƙasashen uku suka haɗu. Faransa ta sa an sauya iyaka a 1904 saboda sojojinta na buƙatar rijiya. Mutanen Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya ba su nemi a sauya iyaka ba. Haƙƙinsu a kan gwamnatocin Abuja da Birnin Kebbi da Kwatano da Yamai shi ne, kafin a ja wani sabon layi ko a rufe wata ƙofa, a fara lissafa kwanaki da kuɗi da rayukan da hukuncin zai ƙara wa tafiyarsu.